Abin da Kawu Ya Gani a Furar Suna

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗayanmu. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya cika da hantsi a gidansa da ke Sabon Gari, Gusau, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni daga Tsafe na taso, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare. Na iske tsakar gida ta cika da mata har babu wurin aje ƙafa.

Ban daɗe da zama ba na fara jin haushi. Kukan bai dame ni ba, yabon ne ya dame ni. Wata ƙanwar babana, wadda na san tun ina yarinya ba ta taɓa shan ruwan gidan nan ba, ita ce ke share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Mutumin kirki ya tahi. Bai da abokin hwaɗa." Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wanda ya kai Kawu abokan faɗa a danginmu, kuma da ƙafarsa yake zuwa ya nemo su. Da aka miƙo mata ruwa a moɗar gidan sai ta ce ta gode, ta buɗe jaka ta zaro kofinta. Da kofinta ta zo gaisuwar mutuwa.

A gefe wasu na shawarar abincin sadaka. Ɗaya ta nuna ragon da ke ɗaure a gindin darbejiya ta ce ai ga nama nan a tsaye. Ta kusa da ita ta yamutsa fuska.

"Wanga? Ragon da ake zuƙar jininai ana kaiwa ɗakin kashi? Ni dai ba da bakina ba."

Matar Kawu tana jin su, kanta a sunkuye, tasbaha a hannu. Daga baya ta gaya mini ko cikin masu wankan gawa sai da aka sami wanda ya tambaya ko mamacin ya bar safar hannu a gida. Mutumin da ya fi su tsabta duka, shi ake tsoron taɓawa.

Mutum ɗaya nake ta duban ƙofa ina jira, ita ce Inna, mahaifiyata, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta zo ranar ba. Tun abin da ya faru a gidanmu na Nahuce ba ta ƙara yi masa magana ba. A bayan Nahucen kuma akwai wata mata mai sayar da nono, a wata ruga, wadda gari ya laƙaba wa suna mai guba. Kawu kaɗai ke cewa ba ta yi ba, kuma yana da hujja. Da ya rufe ido, waɗanda suka san gaskiyar matar nan suka rage mu biyu: ni, da ba a ɗaukar maganata a bakin komai, da Inna, da ta ƙi buɗe baki. Don kada a binne gaskiyar tare da shi nake wannan rubutu.

Aikin Kawu awo ne, a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Gusau. Jini, fitsari, majina, kashi, amai, mugunya, duk abin da mutum ke kau da kai idan ya fita daga jikinsa, shi ake kai wa Kawu a 'yar kwalba, ya karɓa da fara'a kamar an kawo masa tsaraba. A dangi ba a ce masa ma'aikacin asibiti. Mai awon kashi ake ce masa, a bayan idonsa. In an taru cin abinci maza suka kewaye kwano ɗaya, sai ka ga an zuba masa nasa daban, wai girmamawa. Ya san ba girmamawa ba ce, bai kuma taɓa yin kamar bai sani ba. Sabulu yake yawo da shi a aljihu yadda wasu ke yawo da goro, ya wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa lomar farko.

"Kuna ƙyamata don na san abin da ke cikin kashi," in ji shi wata rana, yana kallon hannuwansu cikin miya. "Ni ko ina ƙyamarku don kun hito bayan gida kun ɗauraye da ruwa zalla, kun zo kun tsoma a tuwo."

Aka bar cin tuwon nan. Haka yake, ba ya iya tauna magana kafin ya furta ta.

A wurin biki ba ya cin komai sai abin da ya ga an sauke daga wuta a gabansa. Yakan kutsa har cikin mata yana ɗaga murafen tukwane yana tambaya, "Yaushe anka dahwa wanga?" Faɗansa da matarsa a kan ɗumamen shinkafa kuwa, maƙwabta sun haddace shi. Ita ta ce ta tafasa ta har ta yi tururi. Shi ya ce, "Wuta na kashe ƙwayar cuta. Amma dahin da ƙwayar ta riga ta zuba cikin abinci, ko kin tahwasa har tukunya ta ƙone, shina nan." In aka ce masa kakanninmu da ɗumame suka tashi suka kuma yi tsawon rai, sai ya ce, "Waɗanda sunka rayu kunka gani. Waɗanda sunka mutu ba su dawo sun ba ku labari ba."

Ragon nan da ake ƙyama ma'aikacinsa ne. A waɗannan shekaru ɗakin awo ba shi da kayan kirki, yau akwai wannan gobe babu wancan, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Ƙwayar cuta ba ta ganuwa sai an ciyar da ita ta hayayyafa, don haka Kawu yakan dafa mata abinci, wani abu da ke daskarewa kamar kwanannen koko, ya zuba a ƙananan farantai na gilashi masu murfi. Wani abincin yana bukatar jini, shi ya sa lokaci lokaci yake sa allura a wuyan ragon ya ɗebi kaɗan, sannan ya cika masa gaba da dusa da harawa. Akwai zomaye kuma a bayan ɗaki, su ma don ruwan jininsu. In an ɗauke wuta, yana da akwatin katako da yake kunna wa fitilar kananzir a ƙarƙashi, ya soka ma'aunin zafi, ya yi ta rage lagwani yana ƙarawa har ɗumin ciki ya yi daidai da na jikin mutum. Duk Layya sai an ce ya yanka ragon, duk Layya sai ya sayo wani. "Ba a yanka abokin aiki," abin da yake cewa ke nan.

Ni kam ƙyamar aikin nake, har gobe. Ban taɓa shiga ɗakin awon na fito na iya cin abinci a ranar ba. Amma da bazarar shekarar da ta biyo bayan wadda aka ba mu jiharmu, na ga abin da ake yi da ƙazantar.

Matar wana ta haihu a Nahuce, ɗa namiji, na fari. A gidanmu akwai al'ada: kakar jariri ta wajen uba ita ke cuɗa furar suna da hannunta, ta mulmula kowane curi, don albarka. Babu mai taɓawa sai ita. To a makon nan Inna tana fama da ɗan-karkare a yatsanta na tsakiya. Ya kumbura ya nuna. Ta soka shi cikin lemun tsami ya kwana, ta ɗaure da tsumma, ga lallen biki ya rufe sauran. Mata sun ce ta bari su yi mata, ta ce jikanta na fari ta wajen namiji, ko yatsan zai cire ita za ta cuɗa. Tun jajibiri aka daka, ta mulmula da ɗuminta, aka jera a manyan ƙore aka rufe da faifai, aka shigar ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin bazarar nan da ko bango ba ya taɓuwa.

Da safe matar rugar ta kawo nono. Ta daɗe tana kawo wa gidanmu. Sai dai daminar da ta wuce shanun mijinta sun shiga gonar geron Baffa, wan babana, an yi musayar baƙaƙen maganganu, kowa a gari ya ji.

Aka raɗa suna, aka dama fura, aka sha da hantsi. Kafin azahar tsakar gida ta koma abin da ba na son tunawa. Wannan na durƙushe a bakin rariya, wancan ya rungume bango, mata da sababbin atamfofi suna kwance cikin aman juna. Tsamin nono da warin ciki suka gauraye, ƙudaje suka taso kamar an kira su. Ni ma ina ciki, hanjina kamar ana matse wanki. Babu zazzaɓi, amai ne kawai da murɗa da gudawa. Masu ƙarfi suka farfaɗo washegari. Baffa, da dama tsufa ya ci ƙarfinsa, ya cika a mota kafin a kai Bungudu.

Kawu yana bakin aiki da safen, sai da rana ya iso a kan babur da nufin barka, ya tarar da wannan. Bai yi salati ba, bai tambayi wa ya yi ba. Ya sa aka tafasa ruwa, ya haɗa da gishiri da sukari a bokiti, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da ludayi. Da ya zo kaina ya ga na ɓata fuskata da wuyana da amai, ya tuɓe babbar rigarsa ta biki ya goge ni da ita, ya tallafi kaina yana cewa, "Kurɓi kaɗan kaɗan, ɗiyata. In ya dawo ki sake kurɓa." Ban taɓa jin muryarsa da taushi haka ba.

Sannan ya yi abin da ya sa masu sauran ƙarfi suka kau da kai. Ya ɗauki cokali ya durƙusa yana kwasar amai daga ƙasa yana zubawa a kwalabe. Ya ɗauki curin fura da ba a dama ba. Ya hau babur ya je rugar ya karɓo ragowar nonon ƙwaryar da aka ɗebo mana. Ya bi gida gida yana tambaya wa ya sha me. A nan ya ji cewa maƙwabtan da suka sayi nonon matar a safiyar suka dama da tasu furar lafiyarsu ƙalau, wani surukinmu kuma da ba ya shan nono, da ruwa kawai ya dama tamu, shi ya fi kowa galabaita.

Da ya dawo sai idonsa ya sauka a kan tsumman da ke hannun Inna. Ita ba ta sha ba, hidima ta hana ta.

"Yaya, kawo in wanke miki."

Ya kwance, ya matsa, mugunya ta fito. Ya dangwalo da 'yar sanda mai auduga ya soka a kwalba, sannan ya wanke ya ɗaure mata da bandeji mai tsabta. Inna ta yi ta sa masa albarka.

Ni an kai ni Gusau ƙarin ruwa. Da na iya tsayuwa, Kawu ya zo ya ce in bi shi, akwai abin da yake so in gani da idona. Ya buɗe akwatin ɗumin, wani wari mai kama da na tsohuwar safa ya buso, na toshe hanci da mayafi. Ya jera farantai huɗu a kan tebur. Abincin da ke ciki, in ji shi, ya cika masa gishiri da gangan.

"Yawancin ƙwayoyi ba su jure gishiri. Wagga da nike nema tana jurewa, don bisa hwatar mutum take zaune, cikin gumi, cikin hanci, cikin ƙurji. In ta ci abincin ga, ja shina komawa ɗorawa."

Farantin nono yana nan da jansa, kusan babu komai a kai. Ya ce tsamin nono ba ya barin wannan ƙwaya ta sake. Sauran ukun sun rine sun koma ɗorawa, ɗigo ɗigo sun rufe su. Ya lakato ɗigo guda ya shafa a gilashi, ya ɗiga masa rini, ya sa a ƙarƙashin madubin awo ya ce in leƙa. Na ga wasu ƙanana masu launin shuni, a cure wuri ɗaya kamar ƙwan kifi. Sannan ya ɗauko siraran kwalabe da ya zuba wa ruwan jinin zomo ya cakuɗa da ƙwayar. Ya karkata su, babu abin da ya zubo, ruwan ya kama kamar kindirmo.

"Wadda ke daskarar da wanga ita ce muguwar. Akwai 'yan uwanta masu kama da ita da ba su iyawa."

A ƙarshe ya nuna mini wasu farantan da ya jera wa 'yan takardu masu ɗauke da magunguna. Maganin da ya kashe ta wannan faranti shi ya kashe ta wancan, wanda ya kasa a nan ya kasa a can, duk ukun iri ɗaya.

"Dahin kansa ban da abin ganinai a nan, ba ni yi miki ƙarya. Amma mai zuba dahin ga ta nan wuri uku. Wanga hura, wanga amai."

"Na ukun fa, Kawu?"

"Kin sani."

Na sani. Na juya na amayar da ɗan kokon da na sha a wurin wanke hannunsa. Da na ɗago na roƙe shi. Na ce ya gaya musu ba nonon ba ne kawai, ya tsaya nan.

"In na ce ba nono ba na, za su ce to mi na? In na yi shiru su koma kanta. Kin san ana shirin tashin rugar ga?"

A nan yana da gaskiya. Inda ba shi da ita shi ne yadda ya yi, kuma ko mutuwarsa ba za ta sa in ce ya kyauta ba. Bai je wurin yayarsa ya zauna da ita a ɗaki ya gaya mata ba. Ranar da dattawa suka taru a zauren mai gari, an kawo mijin matar ana maganar kai su gaban alƙali, sai ga Kawu da farantansa a cikin kula. Ya buɗe su a tsakiyar tabarma. Dattawa suka ja baya suna rufe hanci da rawani. Ya yi musu bayanin gishiri da zomo, babu wanda ya fahimta, sannan ya ce, "Babu guba. Yatsan yayata na." Inna daga bakin maƙwabta ta ji, ta kan katanga.

Mai gari mutum ne mai hankali, ya bar maganar alƙali ta mutu, ba a tashi rugar ba. Amma gari bai karɓa ba. In Kawu ya yi gaskiya, to hannun albarka ne ya kashe Baffa ranar sunan jika, kuma da wannan za a ci gaba da zama a tsakar gida ɗaya. Guba daga ruga ta fi sauƙin haɗiya. Aka ce an ba shi saniya. Aka ce boko ya taɓa masa kai. Aka ce wanda ya saba wasa da kashi dole bakinsa ya yi wari. Babana ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa. Mutanen da ya bi da ludayi yana ba su ruwa, su ne kan gaba.

Duk da haka ya koma, wai zai duba yatsan. Ina nan. Inna ba ta ba shi tabarma ba.

"Ka ce wanke mini za ka yi. Nis sa maka albarka. Ashe sata ka zo yi a jikina."

"Na wanke, Yaya. Ya warke ko bai warke ba?"

"Ni na goye ka. Da hannun ga nic ci da kai."

"Ban ce kin yi da gangan ba. Ciwo na, ba laihi ba na. Amma da kin hwaɗa ma mutane da bakinki, da an ƙyale baiwar Allah ta ci abincinta."

Inna ta juya fuskarta bango. Ya tsaya ɗan lokaci yana juya bandejin da ya zo da shi, ya aje a bakin ƙofa ya fita. Ita ce maganarsu ta ƙarshe a duniya.

Daga nan ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Duk ranar kasuwar Bungudu sai ya hau babur ya tafi. Masu nono suna zama a layi, amma matar nan an janye mata, ita kaɗai a can gefe da ƙwaryarta a rufe. Kawu, da ba ya cin abincin kasuwa ko da yunwa za ta kashe shi, sai ya je ya tsuguna a gabanta ya sa ta zuba, ya yi ta kurɓa a hankali yana gyaran murya, sai ya tabbata kowa ya gani. Sauran ya juye a galan ya ɗaure a bayan babur, matarsa ta yi ta rabo a Sabon Gari inda ba a san labarin ba. Bai fasa halinsa ba ko a can. Yakan duba mata farce, ya yi mata faɗa ta riƙa dafa madara kafin ta kwana. Ita kuma ta yi dariya ta ce, "To, Malam, na ji."

Da daminar bara ciwon ya kwantar da shi, babur ya jingina da bango. Na je duba shi, bakinsa a karkace, sai na kasa kunne sosai nake gane abin da yake faɗa.

"Wa ka sayen nonon yanzu?"

Na ce, "Allah na nan, Kawu."

"Na san Allah na nan. Mutum nit tambaya."

Ranar sadakar uku Inna ta iso. Ta rame, ta shigo ba ta kalli kowa ba, ta zauna kusa da matar Kawu ta kama hannunta. Aka yi addu'a aka shafa. To akwai abin da ake yi a irin wannan zama, a nemi wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa a gaban jama'a, don ya kwanta da sauƙi. Mai kofin nan ce ta fara, da muryar tausayi.

"Yaya, shi dai ya tahi. Ki yahe mishi ƙazahin da yay yi miki, kada shi kwana da nauyi."

Tsakar gida ta amsa, a yafe, a yafe. Na dube su, bakuna cike da waina, suna ta gyaɗa kai, kowace tana jin tana aikin lada. Ban taɓa ƙyamar taron mutane kamar ranar ba, ko ranar aman ba ta kai ba. In Inna ta ce na yafe, shi ke nan, ta sa hannu cewa ƙanenta maƙaryaci ne, an binne shi a haka, matar ruga kuma ta tabbata mai guba har 'ya'yanta. Kalma biyu ce, kuma kowa zai yaba mata.

Inna ta buɗe baki. Ta ce, "Ƙazahi?" Sai ta sauke ido kan hannunta da ke bisa cinya. Aka jira, aka gaji, wata ta ce baƙin ciki ne ya ɗaure mata harshe, aka koma kan waina. Ba ta ci komai ba ranar.

Washegari da sassafe ta taɓa ni da ƙafa. "Tashi ki raka ni."

Muka shiga mota zuwa Bungudu, daga nan zuwa Nahuce. Ba ta tsaya gida ba, ta bi ta bayan gari da ƙafa, ina biye da ita. Da muka kai wurin da rugar take, babu ruga. Da'irar bukkoki ce kawai a ƙasa, da duwatsun murhu, da busasshen kashin shanu. Wani manomi yana kwasar takin a mangala. Inna ta yi masa sallama ta tambayi mutanen wurin.

"Su mai gubar nan? Sun tashi tun bayan kaka. Babu mai sayen nononta, mi za su zamna yi?"

"Ina sunka nuhwa?"

"Wasu sun ce yamma, wasu sun ce kudu. Wa zai bi su shi tambaya?"

Inna ta dubi da'irar bukkokin. Sannan ta ɗaga hannunta, ta miƙe yatsan nan da farcensa ya fito a karkace, ta kai shi kusa da fuskar mutumin.

"Ba ita ba ta. Ba ta sa komi ba. Yatsan ga nawa na. Ciwo gare shi, nic cuɗa hura da shi. Ƙanena ya hwaɗi gaskiya."

Mutumin ya kalli yatsan, ya kalle ni, ya yi 'yar dariyar kunya.

"Haba, Inna. Zahin rashi na, Allah shi ba ki haƙuri. Kowa ya san wadda tay yi."

Ya sunkuya ya ci gaba da kwasar takinsa.

A wurin nan na yi wa Kawu kukan da ban iya yi ba a tsakiyar masu yabo. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kaifin harshensa, ya saka masa da kowane ludayin ruwa da ya bayar da kowace ƙwaryar nono da ya sha a bainar kasuwa. Matar nan kuma, duk inda take, Allah ya kai ta garin da ba a san labarinmu ba.

Muka dawo bakin titi muka shiga motar Gusau, don zaman makoki bai ƙare ba. An cusa mu a kujerar baya. Na ɗauka Inna ta gama, ta faɗa sau ɗaya an ƙi ji, ta sauke nata. Mota ta fara tafiya, sai na ga ta taɓa gwiwar matar da ke kusa da ita, wata mai kwandon tattasai da ba mu taɓa gani ba.

"Baiwar Allah, kin san Nahuce?"

Matar ta ce ta sani.

"Kin ji labarin sunan da anka sha hura anka yi ta amai, har tsoho yam mutu?"

"Na ji. Wata mai nono ta sa musu guba."

Mutanen kujerar gaba suka juyo. Inna ta ɗaga yatsan yadda kowa zai gani, ta fara daga farko.